Marigayin da ke juya kwalabe

Duk wanda ya sayi shamfen na gidan Brisselet, giyar inabin nan mai kumfa ta Faransa, ya ga rubutun da ke jikin kwalbar: Matar Marigayi Brisselet. Ni da katanga kawai ta raba mu da su, na san marigayin nan ya yi shekaru yana tari yana cin miyar albasa bayan an buga rubutun.

Anatole sunansa, dogo, mai kunnuwa kamar hannun tukunya. Ya gaji gonar inabi a jikin tudu, yana sayar wa manyan masu yin giya na garin Epernay, su matse su sa sunansu. Bayan yaƙi ya ce ya gaji da yi wa wasu suna. Ya share ramin da kakansa ya haƙa cikin dutsen alli, ya fara haɗa tasa giyar. Ta yi kumfa, ta yi daɗi, amma babu mai saye.

Matarsa Hermance ce ta gano ciwon.

"Kai tsoho, dubi kwalaben da ake rububi. Rabinsu na matan da mazansu suka mutu ne. Wa zai sayi giyar mutumin da ke yawo da ƙafarsa?"

"To, in mutu ke nan?"

"A takarda kawai, sarkin tsoro."

Haka aka yi, kasuwa kuwa ta buɗe. In masu saye suka zo, Hermance ta sa baƙar rigar takaba, shi kuma ya sauka rami yana juya kwalabe kaɗan-kaɗan don laka ta taru a wuyansu. Mu 'yan ƙauye muka riƙe bakinmu. In na gamu da shi a gidan burodi sai in ce, "Marigayi, ya kwanan kabari?" Ya ce, "Da sanyi, Odile, zo ki taya ni."

Sai ga wani mai otal daga garin Namur, Mista Delhaye, wanda shi kaɗai ke kwashe rabin abin da suke yi. Matarsa ta rasu da gaske. Ya fara zuwa da furanni, yana daɗewa a kicin. Ranar da ake walimar gama tsinkar inabi, ina wurin ina raba nama, ya kama hannun Hermance a gaban kowa ya ce kaɗaici bai dace da mace irinta ba. Ita kuwa ba ta janye hannun ba.

Anatole yana can ƙarshen tebur cikin 'yan aiki. In ya yi magana, babban mai sayensu ya tafi. In ya yi shiru, to. Na ga kunnuwan nan sun yi ja. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, sakar mata hannu. Ni ne marigayin."

Delhaye ya ɗauki hularsa, bai sake sayen ko kwalba ɗaya ba. Anatole da Hermance sun ji jiki shekarar nan, har Anatole ya koma sayar da wani kaso na inabinsa ga Epernay. Amma daga ranar shi ke tarbar baƙi a ƙofa, rubutun kwalbar kuma bai canza ba.

Abin da ya dame ni shi ne hannun nan. Da muka tsufa na tambayi Hermance ko da gangan ta bar shi.

"Odile, shekara nawa mutumin nan yana rami bai ce uffan ba? So nake in ga ko da sauran numfashi."

"In da bai tashi ba fa?"

Ta cika min kofi ta ce, "An ce Namur gari ne mai kyau."