Yadda Na Kai Ragon Suna Unguwar Ɗanboyi

Ba zan rantse a kan duk abin da ke nan ba. An ɗan kwana biyu, kuma rabin hanyar hankalina yana kan rago.

Tudun Wada

Matar yayana tana wankan jego a ƙauyensu, Unguwar Ɗanboyi, shi kuwa aiki ya riƙe shi a Legas. Ni aka ɗora wa kai ragon suna, da kashedin in isa kafin liman ya shafa fatiha da hantsi, kada mu ji kunyar surukai. Ana idar da asuba na tari keke zuwa tasha. Ragon ya samu kujera, ni na maƙale a gefe.

Hanyar Giwa

Direban motar da muka shiga ya ce ƙauyen ba na kowa ba ne: ƙaramar hukumar nan ta ce na waccan ne, waccan ta ce ba ta taɓa jin sunansa ba. Na duba taswira a waya, na ga fili fetal. A shingen 'yan sanda aka tambaye ni ko ragon namu ne, na ce a iya sanina.

Mararraba

Wani dattijo mai shayi ya yi mini kwatance: in bi ta gindin kukar da aka sare, in wuce rijiyar da saniyar Audu ta faɗa, in karya dama.

"Baba, kukar tana nan?"

"Yaro, ai an sare ta."

"Rijiyar fa?"

"An cike ta, saboda saniyar."

Cikin gonaki

Dawa ta rufe ni ta ko'ina. Na tsallake rafi ɗaya sau da yawa, ko kuma rafuka ne masu kama da juna. Rana ta ɗaga, na zube a kan suri. Nan ragon ya fizge igiya, na bi shi a guje har ƙofar wani gida da aka shimfiɗa tabarmi, liman yana gyara zama. Ashe gidan surukin yayana ne, shi ya kai ragon kasuwa, dillalai suka kawo shi Zariya muka saya. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai kuma, ka dawo?"

Aka yanka, aka raɗa wa yaro Abubakar.

Gida

Na iso bayan la'asar lafiya, alhamdulillahi. Sai dai na ji yanzu mai shayin yana ƙara wa baƙi da cewa su wuce surin da ɗan bokon Zariya ya zauna yana kuka. Duk wanda ya gan ni a ranar, don Allah ya aiko da gyara. Ina kyautata zaton gumi ne.