Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Shekara ashirin ina facin taya a tashar Nguru, kuma wallahi babu abin da ya ishe ni kamar musun Madu da Abbo.

Madu Babarbare ne, direba, yana jigilar Nguru zuwa Gashua da wata tsohuwar Fijo 404 da ta girmi 'ya'yansa duka. Abbo kuwa Bafulatani ne, malamin makaranta a Gashua, yana zuwa mana da motarsa ƙirar Bitul mai ruwan ƙwai. Kun san wasan Barebari da Fulani, kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne. Su sai suka ɗora wasan a kan motoci.

"Bawana, wace irin mota ce inji a baya, akwati a gaba?" in ji Madu. "Rigar da aka sa a baibai ke nan. Fasinja nawa take ɗauka? Buhu nawa?"

Abbo ya ce, "Tawa dai ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Taka kuwa saniya ce, kullum sai an kai ta rijiya."

Gaskiya ce kuwa. Tsufa ya cinye lagireton Fijo, an liƙe, an toshe da sabulu, duk a banza. Kowace safiya Madu zai fito da buta, ya ɗaga murfin gaba, ya shayar da ita kafin shi ma ya karya. Ko sau ɗaya bai taɓa yarda cewa aibu ne ba.

A daminar 2003 wani direba ya zo da saƙo daga Gashua: Abbo na kwance, jiki ya yi tsanani, yana ta kiran Madu. Na ce masa, "Baba Madu, bar motar nan, ka shiga bas." Ya harare ni. Wai in ya isa ƙofar Abbo a motar wani, ai bawan nan ya samu abin faɗa har abada.

Sau uku Fijo ta tafasa a hanya. A Jajimaji sai da ya roƙi ruwa a wani gida, ya zauna jiran ta huce. Da ya isa, an dawo daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai iyalan suka aiko masa da Bitul. Tun da ransa Abbo ya ba shi ita, ya ce a gaya wa bawansa ya huta da ɗaukar ruwa.

Madu bai sake yin lodi ba. Gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ƙi, aka jingine Fijo a gindin darbejiya. Ni da nake ƙorafin surutunsu, sai shirun tashar ya fi damuna.

Wata safiya na biya ta gidansa. Na tarar da shi a gaban Bitul, buta a hannu, ya ɗaga murfin gaba yadda hannunsa ya saba shekara talatin. Babu komai a ciki sai safayar taya da tsohuwar tabarmar sallar Abbo. Ya daɗe a tsaye yana kallo.

Bai juyo ba ya ce da ni, "Ka ga bawan nan? Ko wurin zuba ruwa bai bar mini ba."