Ramukan Baba Sirajo

Ni dai tun farko ban yarda da Baba Sirajo ba. Shekara tara ina shara a ɗakin taron unguwarmu, can wajen Ƙofar Taramniya, kuma kowace Juma'a sai tsohon nan ya zo da tsinke ya tsaya gaban jan dutsen da ke jikin ƙofar ɗakin, yana sakace ramukansa yana motsa baki.

An ce magini ne, ɗan magina. Shi ya sassaƙa dutsen yana saurayi, lokacin da aka tashi gidajen wurin aka gina ɗakin taron. Bai yi zanen dagi ba, bai rubuta aya ba, sai layuka karkatattu da ramuka talatin da ɗaya. Na ƙirga su da kaina. Wace irin ƙawa ce wannan, don Allah? Bai taɓa ɗaukar almajirin sana'a ba, bai zama majalisa, in ka gaishe shi sai ya kalle ka kamar mai auna bango.

Da masu gadi biyu suka kwanta ciwo a wata guda, sai na ce ruwa ba ya tsami banza. Ni, Bara'atu, da ƙafata na je na gaya wa shugaban kwamitin ɗakin taron cewa asiri aka binne a dutsen nan. Ranar Laraba aka shafe shi da siminti, sumul.

Juma'a sai ga shi da tsinkensa. Ya daɗe tsaye. Na gyara riƙon tsintsiya, ina jiran ya yi mini baki.

"Ɗiyata, wa ya yi wanga aiki?"

"Baba, mutane sun gaji da surkullenka."

"Surkulle?" Ya shafa simintin. "Tsohuwar unguwa ce. Layukan lunguna ne, kowane rami gida guda. Sunan masu gidajen nike kira, kada in mance."

Ya ɗora yatsa can ƙasa, gefen hagu, ko laluba bai yi ba.

"Nan gidan Maccido majemi. Na ƙara mishi zurfi saboda rijiyarshi, duk unguwa nan muka sha."

Maccido majemi ubana ne. Ina goye aka tashe mu, ya rasu ban yi wayo ba, ko hotonsa ba mu da shi. Wallahi shekara tara ina kakkaɓe ƙurar ramin nan ina tsaki.

Na ce, "Baba, a kankare mana."

Ya girgiza kai. "Marmara ce, ɗiyata, dutse mai taushi. In siminti ya kama ta, in an kankare tare suka fita."