Kwandon Laraba da Matar da Ta Ajiye Shi

"Duk abin da aka sa a kwandon nan ba zai shiga fayil ɗin kowa ba." Kai ka faɗa, Manaja, a ɗakin yankan yadi, hannunka a ƙirji.

Wadda ka yi wa alkawarin ta rasu ranar Talata, uku ga wata, bayan jinyar mako biyu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya, shekara goma sha tara kina shugabar layinmu a masana'antar ɗinki. Ke kika kafa zaman Laraba. Da hutun rana kowacce ta kawo rigar da ta ɓata a makon, ta liƙa sunanta, ta jefa a kwando. Taki kike fara ɗagawa. "Ku dubi wuyan nan," ki ce, "sai ka ce da ƙafa na ɗinka. Wa za ta nuna mini inda na kauce?" Mu yi dariya, mu farke, mu gyara tare. Rigar da ba ta gyaru ba, a bar ta a kwandon da sunan a jiki. A nan na iya saita zaren ƙasa, bayan shekara goma ina kunyar tambaya. Ba ki taɓa barin mai kuskure ta fita kai a sunkuye ba.

Kwana huɗu da binne ki, Manaja ya sa aka kai kwandon ofishinsa. Ya bi sunaye ya rubuta wa mata bakwai takardar gargaɗi, wai ga hujjar sakaci. Biyu daga cikinsu saura takarda ɗaya a sallame su. Mutumin da ya zo gaisuwa yana matse ido da hankici! Bai iya zura zare a allura ba, amma ya iya karanta suna. Jiya Laraba ba wadda ta kawo komai. Kowa ta cusa ɓarnarta a jaka, kamar ɓarauniya.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika koya mana ya bi ki. Maigidanki da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙuri.

Kai kuma, Manaja, na ba ka zuwa Litinin, ƙarfe sha biyu, ka janye takardun nan bakwai, a rubuce. In ba haka ba, zan kashe kekena, in taka zuwa ofishin ƙungiyar ma'aikata, daga can in wuce wurin masu masana'anta. Cikin rigunan kwandon, goma sha ɗaya nawa ne, ka tsallake ni don ka san bakina. To, can za ka ji shi.