Kwalba Biyu daga Rijiyar Inna

Kwalba biyu ƙanena ya aiko mini daga rijiyar gidanmu, bayan masu neman zinari sun fara wanke ƙasa da sayanaid a bayan gari. Guba ce, kuma kwatar da suke zubar da ruwan ta bayan katangarmu ta bi. Inna, mahaifiyata, ba ta shan ruwan ko'ina sai na rijiyar nan.

Na auna ɗaya a ɗakin gwajinmu a Manchester, ban ga komai ba. Ƙanena ya dame ni da kira, na ce ta farko lafiya, amma a dakata. Ni dai ban yarda da sayanaid ba. In ruwa ya sha iska ko zafi sai ta gudu, na'ura ta yi maka ƙarya ido a bushe. Shi ya sa tun farko na aika kwalaben da 'yar farar hodar soda mai riƙe gubar a ciki, na ce a cika a toshe nan take.

Ta biyun na kai Birmingham, wajen wata ƙawata mai irin aikina. Ina zaune ina kaɗa ƙafa ta fito, fuska ba fara'a.

"Ke, result ɗin nan is high fa. Na sake running, haka ya fito. Kin tabbata rijiya ɗaya ce?"

Na fita waje. A bakin titi na tsaya na kira gida, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na tambayi yadda aka cika kwalaben.

Inna ta ce, "Ai ɗayar duk laka ce, ga wani farin abu a gindinta. Na ce wannan za a kai gaban Turawa, a ce 'yata daga gidan ƙazamai ta fito? Na zubar, na wanke, na zuba tafasasshe. Ɗayar ƙaninki ya riga ya naɗe, ban samu ba."

Haushi ya turnuƙe ni, tsoro ya danne shi. Wa zan yi wa faɗa?

"Inna, don girman Allah kada ki ƙara sha. A rufe rijiyar yanzu."

Ta ce, "To, ai ƙaninki ya ce kin ce lafiya. Maƙwabtan da suka daina ɗiba duk sun dawo. Ni da kaina na bi gida-gida na faɗa musu."