Goshin Jirgin Baba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni yanke wa jirgin ubana hukunci ba. Ku da kuka zo aikin nan zamanin jirgin inji, ku matso ku ji.

A bazarar shekarar da aka samu mulkin kai ne. Lokacin ina kafintan fito a mashigar Bagudo, ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin. Ga wanda bai san tsarin ba, En'e ce ke da jirgin da ke ƙetarar da mutane Kwara. Akwai heluma, shi ne shugaban matuƙa, kuma yayana Bawa ne ke riƙe da wannan muƙami. Akwai kafinta, ni ke nan. Can sama da mu akwai malamin ayyuka, Malam Haliru, wanda ke zuwa rangadi daga Birnin Kabi da littafinsa a hammata. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne. In na ƙwanƙwasa katako da 'yar guduma, zan gaya maka ko mai rai ne ko matacce. Kuma ni mutum ne mai son gida. Daga bakin kogi sai zaurena, sai tuwon matata Ladi. Shi ya sa har matuƙa ke kirana Na-ɗaka.

A shekarar nan jirgin En'e ya gama yawo. Na yi masa faci har facin ya fi jirgin yawa. Ga damina na tafe, in ruwa ya cika babu ƙaramin kwale-kwalen da zai ɗauki 'yan kasuwa da jakunansu. Sassaƙa sabo kuwa sai an nemo babban maɗaci, an kayar, an jira ya sha iska, shekara ta wuce.

Ana cikin haka Yaya Bawa ya zo da labari. Jirgin da Babanmu ya sassaƙa da hannunsa, wanda ya sayar wa wani falken goro a shekarar yunwa ina saurayi, yana nan a wani ƙauye a hayin Dole Kaina, dab da iyakar Dahomai, wadda yanzu kuke ce wa Benin. Falken ya rasu. Matarsa, Inna Hamsatu, za ta koma wajen 'ya'yanta can cikin Dahomai kafin ruwa ya sauka. In ba a samu mai saye ba, masu bandar kifi sun riga sun yi magana, za su faskara shi su yi makamashi.

Ƙa'idar En'e ita ce ba a sayen jirgi sai kafinta ya duba, ya dangwala yatsa a takarda cewa zai ɗauki rayuka. Malam Haliru ya kira ni gindin tsamiyar mashiga, ya dube ni ta saman tabarau.

“Na-ɗaka, an ce mini jirgin ubanka na.”

“Haka na, ranka shi daɗe.”

“To kunnen wa za ka tafi da shi? Na kafintan En'e ko na ɗan Jiɓo?”

Jiɓo sunan Baba ke nan. Na ce, “Malam, biyu gare ni, duk da su zan tafi.” Ya yi murmushi kaɗan, ya ce mu shirya.

Kwana biyu muka yi muna tura kwale-kwale da gwangwala muna hawan ruwa. Ladi ta ɗaure mini dambun kifi da ƙuli-ƙuli kamar mai tafiya Makka. Yaya Bawa bai bar ni na huta ba. Kowane ƙauye muka wuce sai ya ce, “Dubi da kyau, Na-ɗaka, nan ma duniya ta, mutane na ciki.”

Da hantsi muka isa. Inna Hamsatu, wata 'yar tsohuwar Badendiya mai kaifin baki, ta kai mu wani reshen kogi bayan gidanta, ta nuna ruwa da sanda. Babu jirgi. Abin da kawai ya leƙo sama shi ne goshinsa, wato can gabansa, kamar kan dorina, ɗaure da turke. Amma ina ganin goshin nan na gane shi. Ga tsaga uku da Baba ke yi wa duk jirgin da ya fito daga hannunsa, ga ɗan gurbin da yake ɗora ƙafa. Katakon na sheƙi kamar an gama shi jiya.

Malam Haliru ya cire tabarau. “Heluma, kwana biyu ka sa ni cikin rana da sauro don in zo in ga jirgin da ya nutse?”

Inna Hamsatu ta riga Yaya magana. “Ɗan nan, wa ya ce maka nutsewa ya yi? Ni na nutsar da shi. Ni da mata takwas munka cika shi da duwatsu, sati guda bayan an rufe maigida.”

“Don me, Inna?”

“Kai a birni ina kuke ajiye jirgi? Bisa rumbu?”

Sai da na yi masa bayani. Maɗaci in yana cikin ruwa ba ya mutuwa. Rana ce ke kashe shi, da jiƙa-bushe, jiƙa-bushe. Duk wanda ya tashi a bakin Kwara ya san in za ka ajiye jirgi na shekaru, nutsar da shi za ka yi. Damina biyar jirgin nan yana kwance. Goshin kaɗai ta bari a waje, don kada wani kwale-kwale ya hau kansa, kuma don in ta fito tsakar gida ta hango shi. Kowace shekara tana shafe shi da man kaɗe.

Mazan ƙauyen suka taru, muka shiga ruwa har ƙirji muna fitar da duwatsu. Mata suka zo da ƙore ana kwarfe ruwa. Wajen azahar jirgin ya taso, baƙi wuluk, yana zubar da laka, tsawonsa ya ba Malam Haliru mamaki har ya auna da takunsa sau biyu. Muka ja shi inuwar giginya, na sa aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun tabarmi.

Na ɗauki gudumata na fara daga baya. Yadda ake yi, kowane taƙi ɗaya ka buga sau biyu, ka kara kunne. Katako mai rai yana amsa maka da ƙara tsaf, kamar ka buga sabon turmi. Na bi gindin, na bi haƙarƙarin dama, na bi na hagu, na shiga ciki na durƙusa na bi ƙasan. Ko'ina amsawa yake. Ban san lokacin da na fara dariya ni kaɗai ba. Na zo wurin da Baba ya taɓa kama hannuna yana nuna mini yadda ake riƙe gizago, saran da na yi a karkace yana nan.

Sai na iso gaba. Saura kamu uku in kai ƙarshe, na buga, na ji bub, kamar ka buga buhun dusa. Na sake bugawa. Na matsa taƙi ɗaya, haka. Har kan tsagar Baba, haka. Wurin da ya fi ko'ina kyau a ido, wurin da tsohuwa ta shekara biyar tana shafa wa mai, shi ne ya mutu. Rana ta cinye shi ta ciki ta bar fata.

Malam Haliru bai ji komai ba, yana can yana shafa goshin yana cewa aikin mutanen da daban ne. Amma Yaya Bawa ɗan Jiɓo ne shi ma. Ya ji. Ya ja ni gefe kamar zai ba ni goro.

“Ka yi shiru. In munka kai gida mu naɗe shi da kwano, mu shafe da kwalta.”

“Yaya, nan na mata ka zama da goyo.”

“Na sani. Ni ka tuƙa shi, zan hana kowa zama nan. In ka buɗe baki mutumen ga rufe littafinai zai yi, gobe jirgin Baba shi na ƙarƙashin kifi. Kai za ka iya kallo?”

Gaskiyarsa ce, Malam Haliru ba ya son abu mai aibi, na sha ganin ya mayar da katako don ƙwayar ido ɗaya. Na tsaya ina kallon masu bandar, su biyu suna zaune nesa kaɗan, har da gatarinsu. Sannan na tuna yadda goshi ke dukan gaɓa in ruwa ya cika, jirgi ɗauke da mutum arba'in. Heluma ba ya hana kogi komai.

Malam ya buɗe littafinsa ya zaro takarda, ya miƙo tawadar dangwale. “To, kafinta?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, daga baya har nan, wanga jirgi zai fi ni da kai daɗewa a duniya. Daga nan zuwa goshi kuwa gawa ce.”

“Nan? Ai nan ya fi kyau.”

Na zaro wuƙata na ɗora tsininta a tsakiyar tsagar Baba, na danna da tafin hannu. Ta shige har ƙota, kamar cikin dafaffen rogo. Inna Hamsatu ta kama baki. Yaya Bawa ya juya ya bar wurin.

Malam Haliru ya rufe littafin, kamar yadda Yaya ya faɗa. Ya dubi wuƙar. Sannan ya ce, “Yana gyaruwa?”

“In an yanke kamu uku, a sassaƙa sabon goshi, a ɗinke shi da igiyar kaba irin ɗinkin Sarkawa. Wannan kam, guntun maɗaci ya ishe shi, akwai shi a Lafagu.”

“Wa zai yanke?”

“Ni.”

Ya karɓi gudumata ya buga baya, ya zo ya buga gaba, ya kara kunne yadda ya ga ina yi. Ya girgiza kai. “Ni duk ɗaya nake ji. Da ka dangwala ɗazu, da na saya, kuma da ban taɓa sani ba.” Ya sake buɗe littafin. “Yanzu na yarda da sauran jirgin. Inna, zo mu yi magana.”

Suka daidaita a zaurenta, Malam ya ce dangwalena ya jira sai an gama gyara. Da za mu tafi ta kama hannuna ta ce, “Ashe kashe shi nike yi ina shafa mai.” Na ce, “Inna, kamu uku kika kashe, kin raya ashirin.” Ta ce in bar mata daɗin baki irin na ubana.

Mun jawo shi Bagudo da ruwa a cikinsa rabi. Na kafa masa rumfa a mashiga, kullum safe da yamma ana watsa masa ruwa, don katakon da ya daɗe a kogi in ya bushe da gaggawa tsagewa yake yi. Mako uku Yaya Bawa bai ce mini ko sannu ba. Ladi ta kai masa fura, ya sha furar, ya mayar da ƙwarya ba saƙo.

Ranar yanka na ɗauko babban zarto, mai kai biyu, wanda mutum ɗaya ba ya ja. Na ja layi da gawayi, na tsaya ina neman wanda zai kama mini. Matuƙa duk suka sunkuyar da kai, ba mai son a ce da hannunsa aka yi. Sai na ji an kama ɗaya kan. Yaya ne. Bai dube ni ba, ya ce, “Ja daidai, kada ka karkace kamar wancan saran naka.”

Sauran aikin wata biyu ya ci. Na sassaƙa sabon goshi, muka huda ramuka da ƙarfen da aka gasa a wuta, muka ɗinke da igiya jiƙaƙƙiya don in ta sha ruwa ta ƙara kamawa, muka cusa tsumma da man kaɗe da toka a kowace kafa. Kafin a ɗauki mutum, ƙa'ida sai an gwada: buhunan yashi tukuna, sannan jakuna, ana ƙetarewa sau uku malamin ayyuka na tsaye. Ruwa ya riga ya cika, ana ta shirye-shiryen bikin mulkin kai, har an aiko mana 'yar sabuwar tuta mu ɗaura. Sau uku Yaya ya kai shi hayi ya dawo. Malam Haliru ya shiga da takalminsa, ya shafa ɗinkin, ya fito da hannu a bushe. A nan na dangwala yatsana.

Jama'a sun fara shiga ke nan Yaya Bawa ya tsayar da su. Ya dubi sabon goshin, sumul, ba alama. Ya zaro kurfi, ɗan ƙarfen sassaƙa, daga jakata ya miƙo mini.

“Jirgin Jiɓo ba ya tafiya ba tsaga.”

Na yi guda uku, yadda Baba ke yi. Zan mayar da kurfin ya riƙe hannuna.

“Ƙara ɗaya, Na-ɗaka, ta huɗun taka ta.”

Shekara goma sha huɗu jirgin nan ya yi yana fito, bai taɓa jiƙa wa mace zane ba. Tsohon goshin yana zaurena har yau, a kansa nake ɗora butar alwala.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu duba jirage yanzu, shi ne wanda zai sa hannu a sama da ku sau da yawa ba ya jin abin da kuke ji, kuma matar da za ta zauna a goshi da goyonta ba ta ma san kuna duniya ba. Su duka a kan kunnenku suke tafiya. Mutanen kogi kuma suna da fushi, amma in ka faɗi abin da katako ya gaya maka, ranar da zarto ya yi maka nauyi za ka ji an kama ɗaya kan.