Malam Isyaku, wanda ya san ƙarar babur ɗina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina tasha a Birnin Kudu da safen nan, ko shayi ban gama sha ba, Nura, ɗan Malam Isyaku, ya kira ni. Ya ce, "Sabo, Baba ya cika bayan asuba." Na riƙe wayar a kunne har ta katse.

Malam Isyaku na Sundimina ya rasu. Yanzu muka dawo daga maƙabarta.

Waɗanda suka yi firamare a hannunsa sun san shi da Malamin Turanci. Ni ban samu wannan rabon ba. A aji uku na tsaya, gona ta ɗauke ni, daga baya acaɓa. Nawa ajin a kan babur aka yi shi.

Bayan ya yi ritaya ni nake kai shi asibiti saboda ciwon suga. Ranar farko muna cikin tafiya ya taɓa min kafaɗa ya ce, "Direba, me aka rubuta a allon can?" Na ce, "Malam, ni dai hoton kwalba na gani." Bai yi dariya ba. Ya ce in tsaya. Muka tsaya a bakin titi, rana na dukanmu, har sai da na haɗa haruffan da bakina: cold water.

Daga ranar duk allon da ke kan hanya ya zama littafina.

Akwai wasu kalmomin Turanci da yake ji da su, masu aiki biyu. Wani lokaci suna ne na abu, wani lokaci sifa ce mai bayyana wani abin. Ya ce cold in ta tsaya ita kaɗai sanyi ne ko mura, in ka jingina ta da water sai ta koma faɗa maka irin ruwan. Haka plastic, roba ce, amma a allon masu hayar kujerun biki bayanin kujerar take yi.

Na ce, "Malam, ashe kalma ma tana haɗa sana'a biyu?"

Ya ce, "Kamar kai mana. Da damina manomi, da rani ɗan acaɓa. Sai an duba inda ka tsaya ake sanin wanne ne yau."

In na tsinto masa irinta da kaina, sai ya zaro dafaffiyar gyaɗa daga aljihu ya miƙo min ta kan kafaɗa. Ga ni da gemuna, amma wallahi ina jin daɗin gyaɗar nan.

Bai taɓa gyara min kuskure a gaban mutane ba. Sai mun hau hanya zai matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗazu ka kusa."

Ranar da matata ta haihu, ni na karanta allon ɗakin mata a asibiti, ban tambayi kowa ba. Wannan rubutun ma da kuke karantawa, aikinsa ne.

Daga baya idonsa ya tafi. Ya ce, "Shi ma ya yi ritaya." Sai muka yi musanya, ni nake karanta masa, shi yana saurare yana gyarawa. Ya san kowane allo a hanyar, in na tsallake ɗaya sai ya ce, "Direba, ka cinye mai faci."

Da Nura ya samu keke mai ƙafa uku, shi ya karɓi kai shi asibiti. Zuwana ya ragu.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne, yana zaune a tabarma a ƙofar gida. Ya ce ya ji an buɗe sababbin shaguna a hanyar Gwaram. Ya ce, "Wata rana ka ɗauke ni. Ba asibiti ba, ba gidan kowa ba. Mu je Gwaram mu dawo kawai, kana karanta min."

Na ce, "In sha Allahu, Malam, sati mai zuwa."

Ya ce, "Babu sauri."

Sati mai zuwan nan bai zo ba. Kuma ba zan ce mantawa na yi ba. Na san tafiya da Malam wuni ce, don a kowane allo sai an tsaya, ni kuma ina ganin fasinja. Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan: Malam ya san ƙarar babur ɗina a cikin babura ɗari. Gidansa a gangare yake. To in zan wuce ina sauri, tun daga sama nake kashe injin, in sa firi, in gangaro shiru ta gabansa. Ina ganinsa a tabarma, shi ba ya ganina. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta na durƙusa a bakin zaure ina yi wa Inna Hajara, matarsa, gaisuwa. Ta ce, "Sabo ne?" Na ce ni ne, Inna.

Ta ce, "Duk ranar da ka wuce sai ya ce min, ga Direba can ya gangara, sarƙar babur ɗinsa na neman mai."

Na kasa ɗago kai.

Ta ce, "Na ce bari in sa a kira ka, ya hana. Wai mai iyali ne, in ya samu sarari zai tsaya da kansa. Hular da yake fita da ita kuwa, tun ranar da kuka yi maganar Gwaram ya sa aka riƙa ajiye masa kusa da tabarma."

Ta ga yadda na yi, ta ce, "Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, ɗan nan. Don ka san bai riƙe ka da komai ba ne."

Da ya riƙe ni, da wataƙila ya fi min sauƙi.

Mutumin da ya buɗe min ido, da nasa ya rufe wuni ɗaya kawai ya roƙa a ara masa nawa. Na kashe inji.

Ɗazu da zan taho na ga hular tana nan a gefen tabarmar, ba a ɗauke ba tukuna.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Isyaku. Ka haskaka masa kabarinsa, ka mayar masa da ganinsa a Aljanna Firdausi, ka sa kowane harafi da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Inna Hajara da Nura da sauran iyalinsa haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya yafe min.